Kafin A Sayo Sabuwar Rauta, Muna Da Magana



Duk wanda ya shiga ɗakin kwamfuta a wannan zango ya san farin akwatin nan mai ƙaho biyu da ke rataye kusa da taga. Ita ce rauta, na'urar da ke karɓo intanet daga layin waya ta raba wa kwamfutocinmu. Duk wanda kuma ya zauna gwajin jarrabawar JAMB a ɗakin ya san halinta. Da zarar mutane sun yi yawa a kai sai shafi ya tsaya yana ta juyawa, sai Malam ya ce wani ya tashi ya zare wayar wuta ya mayar. Datar da aka sa don wata guda ba ta ganin ƙarshen wata, kuma babu mai iya nuna inda ta bi. 'Yan aji shida suna zargin 'yan aji huɗu, 'yan aji huɗu suna zargin masu zama a bayan katanga da yamma da wayoyinsu.

A taron safe aka sanar da mu cewa ƙungiyar iyaye da malamai ta amince a sayo sabuwa. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Amma kafin a aiki wani kasuwa, mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida muna roƙon a saurare mu. Ra'ayinmu shi ne kada a sake sayo rufaffen akwati wanda ba mu san abin da ke cikinsa ba. A fara zaɓar manhajar da za ta tafiyar da na'urar, ta zama buɗaɗɗiya wadda ake ci gaba da gyarawa, sannan a nemo na'urar da za ta ɗauke ta. Wannan shawara ta shafi gidajenmu ma, domin da yawa daga cikinmu mu ake tambaya a gida idan za a sayi irin wannan kaya, tunda mu ake ɗauka mun san kwamfuta.

Rauta ma kwamfuta ce

Yawancinmu muna kallon rauta kamar soket ko kwan fitila, abin da ake jonawa a manta da shi. Alhali idan aka kwance ta za a tarar da ƙwaƙwalwa mai sarrafa bayanai, da ma'adanar aiki da ake kira RAM, da wata ma'adana inda manhajarta ke zaune. Kwamfuta ce cikakkiya, allo da madannai kawai ta rasa. Duk saƙon da ya fita daga ɗakin kwamfuta ko ya shigo, ta hannunta yake bi, kamar yadda kowa ke bi ta gaban maigadi a bakin get.

Kowace manhaja akan gano mata ɓaraka bayan an fito da ita. Wayoyinmu kan nemi mu sabunta su saboda haka. Kamfanonin da ke ƙera rauta masu araha kuwa sukan fitar da gyara na ɗan lokaci, da sabon samfuri ya fito sai a bar tsohon da ɓarakarsa. Mai gida yana ganin fitila na ƙiftawa, yana zaton lafiya lau.

Abin da ya faru a 2016 ya isa darasi. A shekarar wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada ƙofar kyamarorin tsaro da rautocin gida da kalmomin sirri kusan 60 irin waɗanda kamfanoni ke sa wa kaya tun daga masana'anta. Ta kame dubban ɗaruruwan na'urori ba tare da masu su sun sani ba. Ranar 21 ga Oktoba aka haɗa su suka afka wa wani kamfani mai suna Dyn a Amurka, shafuka irin su Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga miliyoyin mutane. A Nuwamba rautoci kusan 900,000 na abokan cinikin Deutsche Telekom a Jamus suka tsaya. A daidai wannan lokaci aka yi amfani da irin wannan runduna a kan kamfanin waya na Lonestar a Laberiya, a nan Afirka ta Yamma, har wata kotu a Landan ta ɗaure wanda ya yi aikin shekara 2 da wata 8 a Janairun 2019. Makamin da aka yi wannan ɓarna da shi akwatuna ne irin namu, waɗanda ba a taɓa canja musu kalmar sirri ba.

Ba mu ce gobe wani daga ƙasar waje zai kutso ɗakin kwamfutarmu ba. Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne kalmar sirrin da ta zaga gari, da kwamfutar da ke sauke sabuntawa mai nauyi a ɓoye tana cinye data, da kuma rashin hanyar ganin duk wannan. Maganinsu ɗaya ne, manhajar da za ta nuna mana abin da ke faruwa, ta kuma bar mu mu gyara.

Asalin OpenWrt

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bayyana rubutun da aka gina ta da shi, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu. Mafi shahara ita ce Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan. Ya sake ta ƙarƙashin wata yarjejeniya mai suna GPL, wadda sharaɗinta shi ne duk wanda ya sa ta cikin kayan da yake sayarwa dole ya bayyana rubutun, har da abin da ya canja.

A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys ya fito da rauta samfurin WRT54G. A 2003 masu shirya manhaja suka gano cewa Linux ce a cikinta, suka tunatar da kamfanin sharaɗin, kamfanin ya saki rubutun. Daga nan mutane suka fara gina tasu manhajar don wannan rauta, kuma a 2004 aka kafa OpenWrt. Haruffa uku na ƙarshen sunan daga sunan rautar aka ɗauko su. Yau tana aiki a kan samfurori fiye da dubu, kyauta ake sauke ta, kuma masu aikin sa-kai a ƙasashe daban-daban suna fitar da gyara a kai a kai. Akwai rautocin da kamfanoninsu suka yi watsi da su tun tuni, amma har yanzu suna samun gyara ta wannan hanya.

Me za ta yi mana a ɗakin kwamfuta? Na farko, lissafi. Akwai ƙarin manhaja mai suna nlbwmon da ke rubuta yawan datar da kowace na'ura ta ci. Ranar da data ta ƙare, Malam zai buɗe shafi ya ga ko kwamfuta ta bakwai ce ko wata waya da ba mu sani ba. Zargi ya ƙare.

Na biyu, adalci wajen rabo. Ku tuna layin famfo da safe. Idan mai jarkoki goma ya riga kowa, mai kofi ɗaya sai ya tsaya har a gama cika su duka, ko da kurɓa ɗaya yake nema. Haka rauta ta gama-gari take yi: mai sauke bidiyo ya cika layi, mai son buɗe tambaya ɗaya ta jarrabawa yana baya yana jira. Masana sun daɗe da sanin wannan matsala, kuma OpenWrt tana da tsari mai suna SQM da ke sa kowa ya ɗiba kaɗan kaɗan bi da bi. Ruwan famfon bai ƙaru ba, amma mai kofi ya daina makara.

Na uku, ana iya raba waifai gida-gida, na malamai daban, na ɗalibai daban, na baƙi daban, kowanne da kalmar sirrinsa da iyakarsa, a kuma sa wa na ɗalibai lokacin rufewa. Ana iya toshe tallace-tallace da shafukan da ba su dace da makaranta ba tun daga bakin ƙofa. Idan akwai layi biyu, wata manhaja mai suna mwan3 tana komawa kan na biyu da kanta idan na farko ya ɗauke. Ko wayar Android ana iya jona ta da kebul na USB ta zama hanyar shigowar intanet ranar da aka rasa mafita.

To wace na'ura?

A nan ne muka fi yin gardama a zamanmu. Da aka ce ƙaramar kwamfuta, sunan da ya fara fitowa daga bakin kowa shi ne Raspberry Pi. Kwamfuta ce da aka haɗa dukan kayanta a kan falle ɗaya mai girman katin banki. An fito da ita a Fabrairun 2012 daga Kambirij ta Ingila, a kan dala 35, kuma Eben Upton da abokan aikinsa sun yi ta ne don yara su koyi kwamfuta da hannunsu, bayan sun lura cewa masu neman karatun kwamfuta a jami'arsu suna raguwa, kuma masu zuwan ba su taɓa kwance komai ba. Muna son ta saboda wannan tarihi, kuma babu wata irinta da aka yi wa bayani da darussa kamar ita.

Sai dai so daban, dacewa daban. Rauta tana buƙatar kafar kebul biyu, ɗaya ta shigowa, ɗaya ta fita zuwa kwamfutoci. Raspberry Pi kafa ɗaya gare ta, dole a sayi mahaɗin USB a yi ta biyu. Eriyar waifai ɗinta 'yar mitsitsiya ce a jikin fallen, an yi ta don ta kama waifai, ba za ta ɗauki aji guda ba. A samfuri na 3 da waɗanda suka gabace shi, kafar kebul ɗin ta hanyar USB mai jinkiri take bi. Sai a samfuri na 4, wanda ya fito a Yunin 2019, aka ba ta hanyarta mai cikakken gudu. Shi kuma na 4 yana son caja mai bolt 5 da amfiya 3, yana ɗaukar zafi, kuma idan ƙwaƙwalwarsa ta kai digiri 80 yakan rage gudu da kansa. Wanda ya san ɗakin kwamfutarmu a watan Afrilu ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sannan manhajarta a kan katin memori take zaune, kuma katin memori ba ya son a ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu. Idan aka haɗa kuɗin caja, da gida, da kati, da mahaɗi, da abin sanyaya ta, kuɗin ya wuce wanda aka gani a talla nesa ba kusa ba.

Akwai wasu 'yan falle ɗaya da aka ƙera musamman don aikin rauta. Kamfanin FriendlyElec na ƙasar Sin yana yin NanoPi R2S da R4S, kowacce da kafar kebul biyu tun daga masana'anta, kuma OpenWrt ta san su. Ba su da waifai, don haka ana haɗa su da wata tsohuwar rauta wadda aikinta zai zama watsa waifai kawai. A ƙarshen 2024 kuma masu OpenWrt da kansu, tare da ƙungiyar Software Freedom Conservancy da masu ƙera Banana Pi, suka fito da OpenWrt One a kan dala 89. Tana da kafa biyu, da waifai mai ƙarfi, da RAM gigabait 1, ana ba ta wuta ta USB. Abin da ya fi burge mu shi ne tana da ma'adana ta biyu da wani ɗan makunni: idan mai koyo ya lalata manhajar, a juya makunnin a tayar da ita daga ma'adana ta biyu a sake zubawa. Wanda ya ƙera wannan ya san akwai masu koyo a duniya.

Hanya ta uku ita ce mafi sauƙi, kuma ita muke ba iyayenmu shawara a kai don gida: a sayi rauta ta kasuwa, amma wadda sunanta ke cikin jerin na'urorin da OpenWrt ke ɗauka. Jerin yana shafinsu na intanet. A nan akwai tarko biyu. Na farko, suna ɗaya kan ɓoye na'urori daban-daban. A bayan akwati akan rubuta lambar fitowa, ta 1 ko ta 2 ko ta 3, kuma sau da yawa kamfani yakan canja kayan ciki gaba ɗaya ya bar sunan. Wata fitowar tana cikin jerin, wata ba ta ciki. A duba lambar kafin a biya kuɗi. Na biyu, girman ma'adana. Masu OpenWrt sun daina tallafa wa na'urori masu ma'adana megabait 4 da RAM megabait 32, suna kuma gargaɗi a kan masu 8 da 64. A nemi mai 16 da 128 ko sama da haka. A kuma guji waɗanda kayan waifai ɗinsu na kamfanin Broadcom ne, domin kamfanin bai buɗe manhajar da ke tuƙa yawancinsu ba, sai a zuba OpenWrt waifai ya ƙi tashi ko ya yi rauni.

Wasu daga cikinmu sun kawo zancen pfSense da OPNsense. Su ma manhajojin rauta ne masu ƙarfi, an gina su a kan FreeBSD. An fara pfSense a 2004, OPNsense kuma ta ɓalle daga gare ta a 2015 a hannun wani kamfani na ƙasar Holan. Ofisoshi da yawa suna amfani da su. Amma an yi su ne don kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Intel ko AMD, kuma ba su da ƙarfi a ɓangaren waifai. Ɗaya daga cikin tsofaffin kwamfutocin da ke sito za ta iya ɗaukar su, kuma muna so wata rana a ba mu ɗaya mu gwada. Sai dai kwamfutar tebur tana shan wuta ninki da yawa na 'yar falle ɗaya, wadda ba ta wuce wat kaɗan ba, ƙasa da kwan fitila mai tsimin wuta. Na'urar da ake so ta kwana a kunne a wurin da ake lallaɓa batirin sola, gara ta zama mai cin kaɗan.

Saboda haka ga abin da muka tsaya a kai don makaranta. Kada a jefar da tsohuwar rauta. Irinta masu ɗaukar sim yawanci a kulle suke, ba a iya canja musu manhaja, amma ba ma buƙatar hakan. A bar ta tana karɓo layi kawai, a kashe waifai ɗinta. A sa 'yar falle ɗaya mai kafa biyu, mai OpenWrt, tsakaninta da kwamfutocin ɗakin. Ita za ta yi lissafi, ta yi rabo, ta yi gadi.

Abin da masu ja da mu suke faɗa

Mun kai wannan ra'ayi gaban wasu malamai da ɗalibai kafin mu manna shi, kuma ba kowa ya yarda ba. Hujjojinsu suna da nauyi.

An ce mana wataƙila matsalar ba ta rauta ba ce, layin ne ba shi da ƙarfi a unguwarmu. Wannan gaskiya ce mai yiwuwa, kuma babu manhajar da ke ƙara wa sabis ƙarfi. Idan abin da ke shigowa kaɗan ne, kaɗan za a raba. Shi ya sa roƙonmu na farko shi ne a auna kafin a saya: a gwada gudun layin da safe, da rana, da yamma har mako guda, a cikin ɗaki da kuma waje. Idan aka ga a waje ya fi, to eriya a kan rufi ta fi sabuwar rauta amfani, kuma mu ne za mu fara faɗin haka.

An ce ba lallai ta fi araha ba. Haka ne. Da dala ake sayen waɗannan kaya, ba kowane shago ke ajiye su ba, wani lokaci sai an yi oda an jira. Kasuwa kuma cike take da jabun caja da jabun katin memori, waɗanda su ne kan fara kashe irin wannan na'ura. Ba mu yi alkawarin araha a ranar saye ba. Abin da muke cewa shi ne a lissafa da shekarun da za ta yi tana samun gyara, da datar da za a daina asara, sannan a kwatanta.

An ce idan ta lalace wa zai gyara, tunda mai gyaran waya na bakin kasuwa bai san ta ba, kuma canja wa rauta ta kasuwa manhaja yakan soke garantinta? Wannan ita ce tambaya mafi wuya. Amsarmu tsari ce. OpenWrt tana da nau'in da ke ajiye asalin manhajar a wurin da ba a rubutu a kai, canje-canje kuma a wuri daban, ta yadda idan abu ya rikice ana iya mayar da ita yadda take ranar farko. Tana kuma ba da damar kwafe dukan saitin cikin ɗan fayil guda. A ajiye wannan fayil a ofishin Malam. Idan mai katin memori ce, a yi kati biyu iri ɗaya, ɗaya a ciki, ɗaya a durowa. A buɗe littafi na takarda, duk wanda ya canja wani abu ya rubuta kwanan wata da abin da ya taɓa. Kuma kada ilimin ya tsaya a kan mutum ɗaya ɗan aji shida da zai fita a bar mu da akwati. Kowane ɗan aji shida da ke cikin aikin ya riƙe hannun ɗan aji huɗu.

An ce ɗalibai za su mayar da ita abin wasa, su buɗe wa abokansu data. Buɗaɗɗiyar manhaja ba tana nufin buɗaɗɗiyar ƙofa ba. Kalmar sirrin shugabanci ta zauna a hannun malamin kwamfuta, mu yi aiki yana tsaye. Mu ma muna da namu tsoron ta wannan fuska. Na'urar da ke iya ƙirga data tana iya ganin sunayen shafukan da ake ziyarta, ko da ba ta iya karanta saƙonnin da aka kulle. Muna roƙon a rubuta doka a manna a bango: abin da ake ƙirgawa, wanda ke da izinin dubawa, da tsawon lokacin da ake ajiyewa. Dokar ta hau kan kowa, malami da ɗalibi.

Sai zancen wuta. Tunda yawancin waɗannan na'urori ta USB ake ba su wuta, ana iya riƙe su da batirin cajin waya ko ƙaramin batiri da aka yi don rauta. Amma wasu batiran cajin waya sukan yanke wuta na ɗan lokaci idan aka kawo wuta ko aka ɗauke, kuma wannan ɗan lokacin ya isa ya kashe na'urar. A gwada kafin a dogara da shi.

Dalilin da ya fi duka

Ko da sabuwar rauta ta kasuwa za ta yi aiki daidai, da har yanzu muna kan ra'ayinmu, saboda makaranta muke. A darasin kwamfuta mun haddace ma'anar LAN da WAN da adireshin IP, mun zana su a littafi, mun ci maki. Amma idan aka ba mu kebul biyu aka ce mu haɗa kwamfuta uku su ga juna, yawancinmu za mu tsaya muna kallon Malam. Gani ya kori ji. Ranar da ɗalibi ya rubuta 192.168.1.1 ya ga shafin OpenWrt ya buɗe, ya sa mata kalmar sirri da hannunsa, ya kunna waifai wanda a kashe yake zuwa, ya ga wayarsa ta karɓi adireshi, ranar ce darasin zai zauna masa.

Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kan kwamfuta. Kowace cibiyar jarrabawa tana da kwamfutoci masu yawa da aka haɗa da kebul, kuma akwai wanda ake biya don ya kula da haɗin. Haka asibitoci, da bankuna, da jami'o'i. Wannan sana'a ce, kuma farkonta bai wuce abin da muke roƙo ba.

Raspberry Pi ma tana da gurbi a wurinmu, ko da ba a matsayin rauta ba. Akwai manhaja mai suna Kiwix da ke ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, a cikin na'ura, a karanta ba tare da intanet ba. Akwai Kolibri mai ɗauke da darussa da bidiyon karatu. A sauke su sau ɗaya, a jona Pi ɗin da rauta, duk ɗakin ya yi ta karatu ba tare da an taɓa data ba. Idan kuɗi ya ragu, ko wani daga cikin tsofaffin ɗalibai yana neman abin da zai taimaka da shi, ga wuri.

Roƙonmu

Ga Shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, muna roƙo cikin ladabi:

1. A jinkirta sayen na mako biyu, a bar malamin kwamfuta da ɗalibai su auna layin.
2. Duk abin da za a saya, a tabbatar sunansa da lambar fitowarsa suna cikin jerin OpenWrt.
3. A ware wani abu daga kuɗin don caja ta gaske da batiri.
4. A kafa ƙaramin rukuni na ɗalibai daga aji huɗu zuwa shida, mata da maza, ƙarƙashin malamin kwamfuta, su riƙe littafin kula da na'urar.
5. A rubuta dokar sirri a manna kafin a fara ƙirga datar kowa.

Ga 'yan'uwa ɗalibai masu rauta a gida kuwa, akwai abin da za ku iya yi a wannan hutun ba tare da kashe ko kwabo ba. Ku nemi izinin Baba ko Mama tukuna. Ku juya na'urar ku karanta takardar da ke manne a bayanta. Idan kalmar sirrin da ke rubuce a wurin ita ce ake amfani da ita har yau, ku canja ta, ta waifai da ta shiga saiti duka. Ku kashe WPS idan yana kunne, ku duba ko akwai sabuntawa. Ku rubuta sunan samfurin da lambarsa ku duba ko tana cikin jerin. Amma kada wanda ya zuba wa rautar gidansu sabuwar manhaja shi kaɗai daga karanta wannan takarda. Kuskure ɗaya yana iya kashe ta, kuma ba ma so a ce ƙungiyar 'yan jarida ce ta jawo wa wani faɗa a gida. Ku kawo sunan wurin Malam a duba tare.

Wanda bai yarda da mu ba, malami ko ɗalibi, akwatin wasiƙunmu yana ƙofar laburare. Za mu manna amsarsa a nan, a daidai wannan wuri, a fitowa ta gaba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.

Daga Kwamitin Editoci, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta